Takalmin Lamba Tara

Ranar da jerin sunaye ya fito
ina zaune a bakin Kasuwar Barci, basilla a hannu.
Tanimu tela ya taso daga kan kekensa, tef a wuya,
ya ce, "Sun cire Lawandi!"
kamar mai shelar gobara.

Kafin la'asar bencina ya cika,
wani ya kawo silifa,
wani bai kawo komai ba sai baki.

Tanimu ya ce, "Kaka bakwai!
Kaka bakwai yana tarar ƙwallo da ƙirji,
ta gangaro ta kwanta a ƙafarsa
kamar kyanwa ta ga uwar ɗakinta.
Wa ya ci mana biyu ranar ruwan nan,
da fili ya koma fadama,
har usur ya suɓuce wa alƙali?"

Habila makanike, mutumin Kakuri,
ya goge baƙin mai a wando.
"Ranar ruwan nan yau shekara nawa?
Bara sau huɗu ya girgiza raga, ɗaya ma fenareti.
Da tuwon jiya za mu shiga gasar bana?
A bar yaron Kafanchan ya gwada,
yana gudu kamar an biyo shi bashi."

"Gudu! Ɓarawon waya ma yana gudu.
Ka taɓa ganin ya tsayar da ƙwallo?
Ana miƙa masa sai ta yi tsalle
kamar ta taka garwashi."

Sadisu mai cajin waya ya leƙo da lissafinsa.
"Ku bar 'yan gaba su sha ruwa. Wa ke ba su?
An sayar da lamba takwas,
an sayo masu tsaron raga har uku,
raga kuwa ɗaya ce, ko an ƙara wata ban ji ba?"

Wani ya ce koci ya ci kuɗi.
Wani ya ce yaron ɗan ƙanwar wani ne.
Asabe mai awara ta ɗaga matsami ta ce,
"Ku biya ni tukuna,
sannan ku kori koci."

Ni dai zare nake ja.
Wata shida ke nan takalmansa suna zuwa hannuna.
Na dama lafiya lau.
Na hagu ya cinye ta gefe guda,
ƙusoshi uku sun lashe, sauran kamar sababbi.
Na san takun mai lallashin gwiwa,
na san mutumin da ke ɓoye ciwo
a gaban ido dubu goma.
Amma abin da takalmi ya faɗa mini
ba na kai shi majalisa.

Aka kira magariba ba wanda ya yarda da wani.
Habila ya tafi yana ƙirga ƙwallaye da yatsu,
Tanimu ya rantse ya bar zuwa fili har abada,
rantsuwarsa ta shida bana.

Ina haɗa kaya sai ga shi,
hula ta rufe rabin fuska, baƙar leda a hammata,
yana taku a hankali kamar mai tsoron tada barci.

"Baba Isiyaku, ka cusa musu soso ta gaba.
Ƙafar yaron ba ta kai tawa ba.
Nasa sun yage, kunya ta hana shi faɗa."

Na ce, kai fa?

Ya yi dariya. "Asabar zan zauna kusa da Tanimu.
Ban taɓa kallon wasa daga sama ba.
An ce daga can ba wanda ke ɓarar da ƙwallo."

Ya sa hannu aljihu, na ce bari.
Na kunna fitila, na ɗauko na hagu,
na fara cire ƙusoshin nan uku.