Gwiwar Hannu

Daren Laraba a Senchi. Wuta ta kwanta a murhu,
tukunyar tsiro tana huci kamar wadda ta hau dutse.
Inna Tabita na zaune kan turmin da aka kifar,
hannunta na dama a cinya, shiru,
tun bara da kaka da ciwo ya ɗauke masa ji.
Ta ce, "Salomi, zo ki ara mini fata,
tawa ta daina gaya mini gaskiya."

Ni da nake aikin jinya a asibitin Zuru,
ma'aunin zafi na aljihun farar rigata,
rigar kuwa na rataye a ƙusa, can cikin gari.
Na ce bari gari ya waye in ɗauko.
Ta yi dariya da rabin baki:
"Kasuwa jibi ce. Burukutu ba ya jiran kwalba."

Irin yana ƙaramar ƙwarya, ƙarƙashin faifai,
guntun wancan mako, da kumfa a gefe,
ɗan na makon da ya gabace shi,
haka har baya, har hannun kakata.
Sau ɗaya ya taɓa mutuwa a gidan nan:
shekarar da hadari ya taso, ta yi gaggawa,
ta zuba shi a zafi, ya dahu kamar ƙwai.
Da safe tukunya gum, ko ƙuda bai gaishe ta ba.
Da ƙafa ta je Dabai wurin ƙanwar uwarta,
ta roƙo cikin ludayi,
ta dawo tana kare shi da tafi kamar mai ɗauko wuta.

Na ɗebi ruwan tsiro, na ɗaga sama na sheƙa,
daga wannan ƙwarya zuwa waccan,
har kafaɗata ta fara ƙorafi.
Na jiƙa buhu na naɗe tulu,
na dasa gindinsa a yashi mai laima.
Na tsoma yatsa.
"Cire," in ji ta. "Yatsa maƙaryaci ne,
ya saba da tuwo da murfin tukunya.
Sa gwiwar hannu, ita ba ta san wahala ba.
Ƙirga goma."
Ina kaiwa huɗu na janye.

Muka zauna. Ta lissafa masu bashinta,
har da wani da ya mutu da ƙwarya bakwai a kansa.
Karo na biyu na kai takwas.
Na ce, "Inna, ta yaya zan san ya yi?"
Ta ce, "Kin san goshin yaro da asuba,
bayan zazzaɓi ya sake shi?
Ba zafi, ba sanyi.
Ki taɓa ki ji kamar kanki kika taɓa."

Wannan kam na sani.
Dare nawa na tsaya a ɗakin yara ina jiran wannan goshin.

Karo na uku na wuce goma, na wuce ashirin,
ƙirgen ya ɓace mini.
Ta ɗauki ƙwaryar iri da hagu,
hannun da bai taɓa wannan aiki ba,
na tallafe mata wuyan hannu, muka zuba tare.
Muka rufe. Ba a leƙawa.

Kafin zakara na biyu na tarar da ita duƙe,
kunnenta a cikin tulu.
Tsit. Sannan tas, tas,
kamar yayyafin farko a kan kwano.
"Ya tashi," ta ce. "Kunne dai har yanzu nawa ne."

Na hau babur da tsami a hannun riga.
A gado na shida akwai yarinya tun shekaranjiya.
Na zaro ma'auni ina yarfe shi,
sai na ga hannuna ya riga shi isa goshinta.