Maginiya a Ɗakin Na'ura

Shekara talatin ina ginin tukwane a Naraguta,
hannuna ya san yumɓu fiye da yadda ya san tuwo.
Ban taɓa zaton zan zauna, hannu a cinya,
ƙarfe yana yin sana'ata a gabana ba.

Ramin kuza ne ya rufta da Jatau,
wata Laraba, can bayan Bukuru.
An tono shi da rai,
amma gefen kansa na hagu ya lotsa
kamar ƙwaryar da jaki ya taka.
Likitoci suka tsince fasasshen ƙashi,
suka ja fata suka rufe rami.
Wata bakwai yana kwana a gefe guda,
hular sanyi biyu a kansa har da tsakar rana,
wurin yana harbawa kamar maɗigar jariri,
ɗan shekara ashirin da uku.

Sai aka ce in zo in gani.
Wata yarinya, Kaneng, mai farar riga da tabarau,
ta juya mini kan ɗana a allon kwamfuta:
ba gashi, ba kunne, ba tabon da ya ji a keke,
ƙoƙon kai kawai, da giɓinsa.
Na kau da ido.
Ta ce, "Mama, awo ne muka ɗauka, irin na tela."

Na'urar ba ta fi akurki girma ba.
Wani ɗan baki yana ta kai-komo,
yana tofa zare fari, siriri, mai zafi,
zagaye a kan zagaye,
ba gaggawa, ba hira.
Na matsa har goshina ya taɓa gilashi.
Na ce, "Ai wannan gini ne!
Haka nake murza yumɓu in naɗa,
in ɗora, in bari ya sha iska, in ƙara."
Kaneng ta yi dariya har tabarau ya zame.
Ta ce nasu ba ya son ruwa.
Na ce nawa ba ya jiran wutar lantarki.
Kamar an ji mu, aka ɗauke wuta.
Numfashina ya tsaya, ɗan bakin bai tsaya ba.
Ta ce akwai batir.

Na yi azahar a baranda, na yi la'asar,
na ci soyayyen dankali a takarda,
hadari ya taso daga Shere ya wuce.
Bayan isha ta miƙo mini shi da ɗuminsa.
Ta ce ba shi za a sa ba,
a kansa za a zuba wanda zai zauna a kai.
Wannan ma na sani:
tsohuwar tukunya nake kifawa
in fitar da gindin sabuwa a bayanta.
Na ƙwanƙwasa shi da farce, na kara a kunne,
yadda nake yi kafin in kai kaya kasuwa.
Bai yi kukan tsaga ba.
Na ce su ɗauka.

Ni na fara gina kan nan,
wata tara, a cikin duhu, ba awo.
Ni na gasa shi da tsumma da ruwan zafi
har ya yi kyan zama a hula.
Yau in ya yi barci, a gefen hagu,
ina bin wurin da babban yatsa.
Kowa ya ce ba a ganewa.
Ni ina jin gaɓar. Ban faɗa wa kowa ba.

Na aika wa Kaneng 'yar tukunya mai wuya,
an ce biro take zubawa a ciki.
Ba komai.

Jiya Jatau ya wanke shebur ɗinsa,
ya jingina shi a bayan ƙofa.
Na ɗauke, na tura ƙarƙashin buhunan yumɓu,
na zauna a kai ina murzawa.