Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Ƙudan kasuwar Maraɗi ba shi da kunya.
Yana sauka a kan tsire, a kan mangwaro,
har kan hancin mai awo yana cikin ƙirga.
Amma ran Litinin, a rumfar Inna Barira,
na tsaya gaban kwando uku na busasshen kifi,
baƙi wuluk, yana sheƙi kamar an shafe shi da man gyaɗa,
ko ƙuda ɗaya babu.

Malaminmu na aikin tsabta yakan ce:
in ka ga ƙuda na azumi, binciki akushin.

Na karya tarwaɗa ɗaya, na kai hanci.
Can ƙarƙashin ƙamshin hayaƙi
ga warin piya-piya a laɓe.

Ta dube ni, ta dubi rigar aikina.
"Nomau, kai ne?
Kai da nake ba kan kifi kyauta
in an taso lakwal, ƙafarka ba takalmi?"

Ni ne, Inna.
Kuma ni ne jiya a asibiti,
gaban ƴan yara biyu daga Bagalam suna sheƙa amai,
uwarsu na rantsuwa miyar kuka kaɗai suka sha,
da ɗan kifi na dala arba'in.

Ta ce ba ita ta fesa ba.
Haka kayan suka sauko daga mota, a ɗaure,
dillali na yabo: wannan ba ya ƙwari ko a damina.
Ita ma bashi ta ɗauka.
Na yarda da ita.
Doka ba ta tambaye ni abin da na yarda da shi ba.

Na rubuta, alƙalami ya yi nauyin taɓarya:
kwando uku, kuɗin tara, sunan dillali, lambar mota.
Aka loda a amalanke, kasuwa ta yi tsit.
Bayan gari, nesa da gulbi,
rami, kananzir, ashana.
Wani kare ya zo ya shinshina, ya juya abinsa.

Bayan sati biyu na biyo ta rumfar.
Faranti ɗaya tak, ɗanyen kifin Madarumfa,
ƙudaje sun yi masa rawani,
tana korarsu da tsohon mafici.
Na gaishe ta, ba ta amsa ba.
Na sayi biyu.
Ta ƙirgo mini canji cif,
ba gyara.