Minti Goma a Bakin Nilu

Takarda ta zo daga makaranta.
Batula ta karanta min, ina tsugune ina ɗinkin taru:
ana neman uban Muntasir ranar Talata.
Na ce, me ya sata? Wa ya daka?
Ta ce, babu. Shi ne ciwon.
Ba ya rubutu, ba ya wasa, ya daina taɓa kisira,
allo yake kallo kamar mai jiran motar Sinnar.

Na zura jallabiyar Juma'a, na tafi da bulala a bakina.
Ɗaki ne ƙarami, fanka ɗaya mai kuka, kujeru uku.
Ustaza Iklas ba ta kai autarmu shekaru ba.
Ta zuba min shayi, ta ce,
"Yaushe rabonka da jin muryarsa
ba tare da kai ka aike ta ba?"

Na lissafa a zuci:
na'am, to, na dawo, an kira salla.
Wata bakwai ɗana na biyana da 'yan canji,
ni kuwa ina zubawa a aljihu, ban ƙirga ba.

Na ce, ustaza, mu mutanen Mai Wurno ne.
Da ƙafa kakanninmu suka taso daga yamma,
ba wanda ya ba su kujera ya tambayi zuciyarsu.
Ta ce, "Gaskiya ne. Su nawa suka iso?"
Shayin ya huce. Haka na shanye shi.

Ba ta ba ni laya ba, ba ta ba ni ƙwaya ba,
aiki ta ba ni: minti goma kullum, ku zauna.
Ban da nasiha. Ban da tambaya. Ban da karin magana.
Ni da ko akuya ta ɓata sai na yi mata karin magana!
Batula za ta ajiye "dubi ɗan wane",
Rumaisa za ta daina kawo rahoton ƙaninta.
Abin da ya faɗa a ɗakin nan kuwa nasa ne,
sai ya ga dama ya sam mana.
Wannan ta soke ni, amma na yi shiru.

Ranar farko, ni da taru, shi da waya.
Ta huɗu na kasa, na ce, "Ai mai haƙuri..."
ya kaɗe rairayi daga wandonsa, ya tafi.
Ta tara ya riƙe min bakin igiya.
Daga nan na daina ƙirga.

Wata magariba, ruwa ya yi jan ƙasa,
sauro na kiɗa a kunnuwanmu,
ya ce, idonsa a kan ƙullin da yake yi,
"Baba, ranar da kogi ya ci Baffa Jibrilu,
kana cikin kwalekwalen?"

Shekara talatin da ɗaya, ba wanda ya tambaye ni.
An ce ƙaddara, an yi addu'a, an raba gumba.
Na ce, ina ciki.
Na kama hannunsa, ya zame.
Har yau tafina na jin santsin nan in zan yi alwala.

Ya daɗe. Sannan ya ce,
"Haisam ya kira ni sau uku
kafin motarsu ta shiga sahara.
Ina kallon wayar. Fushi muke yi a kan ƙwallo."

Karin magana ashirin suka taso min a maƙogwaro,
masu kyau, gadon kakanni.
Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya kamar ƙayar kifi.
Minti goma ta wuce tuntuni,
har aka kira isha ba mu motsa ba.

Ba zan ce ya warke ba.
Daren nan dai ya ci rabin kisira,
Batula ta gani, ta juya tana faɗa da murfin tukunya.

Talata na raka shi, na zauna a benci a waje.
Da ya fito, ustaza ta leƙo ta ce,
"Ƙarfe sha ɗaya kujerar nan ba kowa."
Na ce ina da taru a ruwa.
Ta koma ciki, ta bar ƙofar a buɗe.
Ni kuma ban tashi ba.