Hawa Na Biyu, Ali Ɗan Sofo

Na sauka tashar Maraɗi da hantsi,
makulli ƙulle a bakin zanena.
Shekara biyu da wata huɗu
rabona da ƙofar da na saya.

Shekara talatin ina karɓar haihuwa a Funtuwa.
Kuɗin sallamata kaf na juye su sefa,
na sayi ɗaki uku da falo a bene.
Ƙasan na wani ne, rufin na kowa ne,
nawa shi ne abin da ke tsakani.

Barmo dillali ya ce mini a waya:
"Hajiya Kubura, yi barcinki har da minshari,
na sa miki mushen lakwal,
mutum mai tsabta, ko tari ba ya yi."
Wata uku haya na zuwa cif.
Na huɗu ta zo tana ɗingishi,
an cire na famfo, an cire na kuran,
an cire na wani gyara da ban ga hotonsa ba.
Na biyar sai gaisuwa.
Daga nan iyaka ta rufe,
wayar Barmo ma ta rufe tare da ita.

Yau ga ni a matakala, gwiwa na ƙara.
Na zura makulli, ya ƙi.
Na yi bisimilla na sake, ya ƙi.
Kwaɗon sabo ne fil,
yana kallona kamar na zo cin bashi.

Na leƙa ta taga.
Ba kujera, ba littafi, ba mushe.
Buhunan aya ne har rufi,
ɓera guda yana yi musu gadi.
Ashe an mai da mushe Dakoro,
ya bar wa ƙanen matarsa,
ƙanen ya ba ɗan kasuwa,
ɗan kasuwa yana biya duk wata, ba fashi.
Hannun wa?
Tambayi Barmo.
Ina Barmo?
An ce Agadas.

Tsahara ta hawan ƙasa ta fito
da takardu ɗaure da roba.
"Sau uku masu gida muna taro,
kujerarki ba kowa.
An yanka wa kowa jikka tamanin ta rufi.
Ruwan damina ta ɗakinki ya bi ya same ni."
Ta nuna mini bangonta,
laima ta zana taswirar wata ƙasa
wadda ita ma ban da takardar shigarta.

A ofishin lanho yaron ya gaishe ni
da Hausa mai gishiri, irin ta kakata,
sannan ya buɗe fayil da Faransanci.
Ya ɗora yatsa kan wata kalma:
"Nan an rubuta baƙuwa."
Na ce, ɗana, a Tibiri aka binne cibiyar kakata.
Ya yi murmushi, ya buga hatimi:
bashin shekara biyu, da tara a kai.
Bakinmu ɗaya, tuwonmu ɗaya,
sai dai takarda ba ta cin tuwo.

Da la'asar na komo,
na zauna a matakala ta tara.
Tsahara ta aiko jikarta da ruwan randa,
ba ta yafe ba, amma ta aiko.
Can ciki wani buhu ya ɓule,
aya ta gangaro ta ƙarƙashin ƙofa
har bakin takalmina.
Na tsince, na ƙirga, bakwai.

Barmo, ka gasa mini ita a hannu,
ga ta kuma ɗanya.
Na ba yarinyar huɗu, na riƙe uku,
hayar bana ke nan.
Na tauna da haƙoran da suka rage,
ina lissafin kuɗin mai fasa kwaɗo
da na motar Jibiya,
in ga wanne aljihuna zai iya gobe.