Tsagar Ɗakin Baba

A Yelwa ta Garwa, bayan ruwan Agusta,
can inda silin ya haɗu da bango
tsaga ta buɗe, siririya kamar zaren ɗinki.

Na aro tsanin Hamajoda mai ɗingishi,
Inna Dudu ta riƙe ƙafarsa.
Sai da na ƙara faɗin tsagar da bakin wuƙa.
"Gyara kake ko ɓarna?" in ji ta.
Gidan zanzaro ya zubo mini a ido.

Na jiƙa wurin,
na kwaɓa filasta a gwangwanin madara,
na cusa, na shafe.

Ƙarƙashin tsohon fenti
ga sawun babban yatsan Baba,
inda shi ma ya cike.
Na kewaye shi, ban kankare ba.

Inna ta ce baɗi za ta dawo.
To, kada Hamajoda ya sayar da tsanin.