Babban Yatsa

Shekara talatin da ɗaya ina awon kifi
a wata tashar jiragen ruwa ta tsibirin Chiloé,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Ba a taɓa kama ni da tauye awo ba.
Shi ya sa, da rigima ta tsaga garin biyu,
suka ce a kira Eduvina, ita ba ta kowa ba ce.

Ba ta kowa ba?
Mijina Baldomero da katin masu jar tuta aka binne shi,
katin da ya jiƙe ya bushe sau dubu a aljihunsa.
Masu shuɗiyar tuta kuwa su suka raba shi da aiki
shekarar da dankali ya ruɓe a ƙasa.
Mai yi ya manta. Ni aka yi wa.

Maganar kejin kifi ce, na kamfani, guda tara a mashigi:
a bar su ko a tumɓuke.
Ja suka ce a bari, tukunyar gida tamanin ce.
Shuɗi suka ce a cire, ƙasan teku ya mutu.
Kowa ya kawo takardarsa da hatimi.

Daren farko ta Ja ta yi mini zaƙi kamar zuma,
ta Shuɗi ko layi uku ban kai ba na ji ƙarya na wari.
Sai na tsorata.
Na san wannan sauƙin.
Haka sikeli yake sauka da wuri
in babban yatsa ya jingina a gefen faranti
mai shi yana kallon sama.

Na kira jikata Yasna.
Kwafe su da hannunki, na ce,
cire suna, cire hatimi, cire zagi,
ki karanta mini ina feren dankali.
Ta karanta. Zagin da ta cire ya kusa rabi.
Na nuna da wuƙa: ta biyun nan,
mai ita ya san ruwa, haka kakanki zai faɗa.
Ta yi shiru. Ta ce, Kaka,
Heriberto Oyarzo ne ya rubuta ta.
Ɗan mutumin da ya sa hannu a takardar korar.

Na yanke yatsa. Jini kaɗan ne.

Da safe wata dabara ta zo mini sanye da farar riga:
ba maƙiyi gaskiya, gari ya ce kin cika adila.
Wannan ma yatsa ne, ya dai koma ɗaya farantin.

Don haka na shiga kwalekwale da tsufana.
Mai nutso ya ɗebo mini laka a gwangwani tara.
Shida baƙi ƙirin, suna warin ruɓaɓɓen ƙwai,
uku da ƙananan kaguwa suna motsi.
Na bi gida gida ina ƙirga tukwane:
ba tamanin ba ne, sittin da uku ne,
amma kowace da yara zaune kewaye da ita.

A zauren majalisa ban raba gaskiya biyu don a ji daɗi ba.
Na ce Shuɗi ne da ita, a cire shida.
Na ce sun yi ƙari a kan uku,
kuma ba su faɗi abin da sittin da uku za su ci ba,
sai su zauna su faɗa kafin a taɓa igiya.

Ja sun daina gaishe ni.
Heriberto ma bai gode ba, ya so tara.

Yanzu da dare nakan sauko da tsohon sikelina,
in zuba wa faranti ɗaya gishiri, ɗaya dutsen awo,
in kalli allura tana rawa kafin ta tsaya.
Ita ma sai ta yi shakka tukuna.
Hannuwana biyu na goye su a baya,
don har yau ban yarda da su ba.